Majinyacin da Ba Ya Kuka: Darasi a Kan Jinyar Kunkurun Gida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci manya da ƙananan halittu, Ya kuma ɗauki nauyin arzikin kowannensu. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

 Na san akwai wadda tana ganin kan wannan darasi za ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Duk matsalolin da suka ishi gidajen aure, yau kuma Malama kunkuru ta ɗauko mana?" Ki yi haƙuri 'yar'uwa, ki bi ni a hankali. Ni ma da ba ta kama ba, ban taɓa zaton zan zauna in yi rubutu a kansa ba.

Damina biyu da suka wuce, cikin watan Agusta, muna karanta Arba'una Hadisi da ajin matan aure a nan Kongo. Mun zo kan hadisi na 17, na Shaddadu ɗan Ausi (RA), wanda ke koyar da cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a cikin kowane abu, har a wajen yanka dabba. Da aka tashi, sai wata ɗaliba ta tsaya har kowa ya watse, tana ta murza bakin hijabinta. Can ta ce, "Malama, wai kunkuru ma yana ciki?" Na ce yana ciki mana, me ya faru? Ashe akwai kunkuru a gidansu, na uwar mijinta ne, Allah Ya jiƙanta, ya haura shekara talatin a gidan. Tun zuwansa aka huda gefen ƙwaryarsa ta baya, aka zura waya, aka ɗaure shi a gindin bishiyar gwaiba kusa da makwarara. Wata rana ya yi ta fizga har hujin ya yage, wurin ya tsage. Ba wanda ya kula. Sai da wari ya fara tashi, yara suka zo da gudu suna cewa akwai tsutsa a bayan kunkuru. Abokiyar zamanta ta ce a zuba baƙin mai, maigida ya ce a ɗiga fiya-fiya, wata maƙwabciya ta ce a liƙe wurin da siminti a huta. Ita kuwa zuciyarta ta ƙi kwanciya.

Washegari na bi ta gidan. Abin da na gani shi ya sa na shiga tambayar likitocin dabbobi da karance-karance, kuma shi nake son in raba da ke yau.

Hukuncin ajiye shi

Ajiye dabba a gida don sha'awa ko don yara halal ne. Anas ɗan Malik (RA) yana da ƙaramin ƙane da ake kira Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) da kansa ya riƙa tambayar yaron labarinsa don ya faranta masa rai. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Daga nan malamai irin su Ibnu Hajar suka fahimci halaccin riƙon tsuntsu a gida, muddin ana ba shi ci da sha, ba a kuma azabtar da shi.

To amma sharaɗin nan shi ne gaba ɗayan maganar. Kowaccenmu ta haddace hadisin Abdullahi ɗan Umar (RA) game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu. Ki lura da kyau, ba a ce ta doke ta ba, ba a ce ta yanka ta ba. Tsarewa ce da sakaci kawai. Haka a Mukhtasar na Shehu Khalil, a babin ciyarwa, an bayyana cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyayar da za ta ci da kanta. Kunkurun da aka ɗaure a tsakar gida mai siminti, wace makiyaya gare shi?

Akwai kuma abin da ba zan wuce ban faɗa ba. Wasu gidajen ba don sha'awa suke ajiye kunkuru ba, an ce musu yana kore sammu ne, ko yana tare mugun baki. 'Yar'uwa, dabbar da ba ta iya kore ƙuda daga bayanta ba, yaya za ta kore miki sihiri? Tsari na Allah ne, kuma an koya mana hanyarsa: azkar na safe da yamma, Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi. In da waccan niyya aka ajiye shi, a tuba a gyara niyya. Amma gyaran niyya ba ya nufin a jefar da shi kan bola. Haƙƙinsa yana nan.

Ƙwaryar nan ba dutse ba ce

Duk kuskuren da muke yi a kan kunkuru daga wuri ɗaya ya samo asali: mun ɗauka ƙwaryar bayansa riga ce, ko wani akwati da yake shiga yana fita. Tatsuniya ma ta taimaka, tunda muna yara aka gaya mana faɗowa ya yi ya farfashe aka harhaɗa shi. Gaskiyar magana, ƙwaryar jikinsa ce. Ƙasusuwa ne sama da 50 suka haɗu suka yi ta, kuma haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa suna manne a cikinta. A saman ƙashin akwai ɗan siririn nama mai jini da jijiyoyi, sannan a kansa wannan ɓawon mai gida-gida da muke gani, wanda asalinsa ɗaya da farcen hannunki. Ki tuna yadda kike ji in farce ya fizge ya taɓa nama. To wanda ya sa ƙusa ko ƙarfe mai zafi ya huda gefen ƙwaryar kunkuru, ƙashi mai rai ya huda.

Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa an wuce da wani jaki da aka yi wa lalas a fuska, Annabi (SAW) ya la'anci wanda ya yi masa haka. Ni ba mai fatawa ba ce, ba zan ce hukuncin biyun ɗaya ne ba. Amma wadda ta san wannan hadisi, ta kuma san ƙwarya tana jin zafi, ba na jin hannunta zai iya riƙe kunkuru a huda shi.

Abin da ya sa muke sakaci shi ne ba ya kuka. Akuya in ta ji ciwo duk unguwa sai ta sani. Kaza ma tana kyarkyara. Raƙumin nan na wani Ba'ansare da Abu Dawuda ya ruwaito labarinsa daga Abdullahi ɗan Ja'afar (RA), da ya ga Annabi (SAW) sai ya yi gurnani yana zubar da hawaye, Manzon Allah ya shafa shi, ya kira mai shi ya yi masa faɗa kan yunwa da yawan aikin da yake ba shi. Shi kuwa kunkuru ba gurnani, ba ƙorafi. Iyaka ya janye kansa ciki ya daina cin abinci, mu kuma mu ce ai halinsa ne. Hausawa na cewa kunkuru yana son dambe ba shi da yatsa. Ba shi kuma da bakin kai ƙara. Saboda haka idonki da hancinki ne za su yi masa magana.

Wani abu kuma da ya kamata ki sani: huhunsa yana can sama, dab da ƙasan ƙwaryar baya. Wannan zai yi mana amfani nan gaba kaɗan.

Wane iri ne naki?

Kafin a yi jinya sai an san majinyaci. Wanda aka fi gani a manyan gidaje shi ne babban nan mai launin yashi, mai kaushin ƙafafun gaba da ƙayoyi a cinya. Ɗan busasshiyar ƙasa ne, daga Senegal da Mali da Nijar da arewacin Najeriya har zuwa Sudan da Habasha. Shi ne na uku a girma a duk kunkurayen tudu na duniya, babban namiji yakan haura kilo 50. Ciyawa ce abincinsa, kuma jikinsa ba ya son danshi. Daminar Zariya ta fi ƙarfin abin da ya saba, shi ya sa wanda aka ɗaure a bakin makwarara cikinsa ke ruɓewa ko da bai ji ciwo ba.

Akwai ƙarami da manoma kan tsinto a gona, wanda Allah Ya yi wa wata gaɓa a ƙwaryarsa ta baya, yana lanƙwasa ta ya rufe ƙafafunsa in ya ji tsoro. Kada ki ga wannan layin ki ce tsagewa ce, halittarsa ce haka. Sai na ruwa, wanda yara ke kamowa a kududdufi ko bakin Kubanni, mai faɗin baya da fata tsakanin yatsu, yana naɗe wuyansa ta gefe. Wannan ba abincinsa ɗaya da na tudu ba, kuma ba ya iya haɗiye abinci sai a cikin ruwa. Shawarata, in lafiyarsa ƙalau, a sa yaran su mayar da shi inda suka ɗauko shi tun ranar. Bayanin da ke tafe na kunkurun tudu ne.

Yadda za ki gane ciwo ya harbu

A gidajenmu abubuwan da ke fasa ƙwarya sanannu ne: hujin ɗauri, cizon kare, mota ko babur da aka juya a tsakar gida ba a duba ba, taɓarya ko bulo da ya faɗo, yaro ya ɗaga shi ya saki. Ɓera ma yakan ci gefen ƙwarya da ƙafa cikin dare. Sai mu kanmu mata, da ruwan zafin da muke watsawa daga kicin, da tokar murhu da ake zubarwa da sauran garwashi a ciki. A nan kam sai mu binciki kanmu.

Ƙwarya mai lafiya tauri gare ta, a bushe take, ba ta wari. In kin danna wuri kin ji ya yi laushi, ko kin ga ɓawon yana ɗagowa akwai ruwa ko wani abu fari kamar cuku a ƙarƙashinsa, ko ƙananan ramuka sun fito, ko wari na tashi, to ƙwayoyin cuta sun shiga. Ki ɗaga shi ki leƙa cikinsa, amma kada ki bar shi a rigingine, domin kayan cikinsa na danne huhun. In kika ga ƙwaryar cikin ta yi ja-ja kamar jini ya kwanta, ga shi ya daina ci, idanunsa sun faɗa ko sun kumbura, ƙafafunsa sun saki, to ana tsoron cutar ta shiga jini. Wannan ya wuce maganin gida.

Haka nan in sabon rauni ne a saman baya kuma ya yi zurfi, kina ganin kumfa na fita yayin da yake numfashi, ko kina hango abin da ke ciki, kada ki kuskura ki kwarara ruwa ko wani magani a ramin, kai tsaye huhu zai tafi. Ki rufe da tsumma mai tsafta ko bandeji, ki sa shi a kwali, a tafi wajen likita ranar. In yana jan ƙafafun baya, wataƙila ƙashin baya ya taɓu, shi ma haka.

Mu mutanen Zariya Allah Ya yi mana gata. Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Samaru, daga Kongo ki bi ta PZ da Kwangila kin isa, ga kuma likitocin dabbobi masu zaman kansu a gari. Ki yi wa maigida bayani cikin hikima, ki nemi izininsa, ko ya aiki babban yaro. Na san za a yi dariya, a ce mutane ba su samu magani ba sai kunkuru. Ki tuna masa da mutumin nan da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira (RA), inda sahabbai suka yi mamakin a ce akwai lada a kan dabbobi, aka tabbatar musu akwai shi a kan duk mai rai.

Abin da ba a sa masa

Nan ne nake son ki fi natsuwa, domin sau da yawa ba ciwon ke kashe kunkuru ba, maganin ne.

Baƙin mai, kalanzir, fetur, fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari, babu ɗayansu da ke zuwa kusa da raunin. Gaskiya ne suna kashe tsutsa, amma suna ƙona naman da ake so ya tsiro, kuma gubar tana ratsawa ta shiga jini. Toka da kashin shanu da garin batir su ma a bar su. Fenti kuwa da yara ke shafa masa don ado yana toshe ƙwarya, yana ɓoye ciwo.

Siminti da gam mai kama ƙarfe, irin wanda ake liƙe takalmi da shi, wannan shi ne mafi yaudara, don in an liƙe sai wurin ya yi kyau a ido, kowa ya ce an gama. Alhali an kulle ƙwayoyin cuta ne a ciki, an hana mugunya hanyar fita, sai su ci ƙashi su nutsa. Likitoci kan haɗa ƙwaryar da ta fashe da waya ko wasu 'yan ƙarafa, amma sai bayan sun tabbatar wurin ya tsarkaka, kuma ba sa rufe ciwon da ya harbu.

Sai babba a cikinsu. Akwai wata allura da masu kiwo suka sani sosai, aibamektin, wadda ake yi wa awaki da tumaki don tsutsar ciki da ƙazuwa da kaska. A jikin akuya alheri ce. A jikin kunkuru kuwa guba ce, tana shanye masa jiki har ta kashe shi, ko da kaɗan aka yi. Duk mai kiwo in ya ji an ce tsutsa, ita zai fara miƙo miki da kyakkyawar niyya. Ki ce a'a. Ko a wajen mai maganin dabbobi kika je, ki faɗa da bakinki cewa na kunkuru ne, ban da aibamektin. Haka magungunanmu na mutane, na ciwon kai ko kafso, kada a fasa a ɗura masa. Jikinsa a hankali yake sarrafa magani, shi ya sa akwai allurar kashe ƙwayoyin cuta da sai bayan kwana uku likita ke maimaita masa. Awon nan ba aikin ƙiyasi ba ne.

Abin da za ki iya yi da hannunki

In ciwon na sama-sama ne, ko kafin a samu zuwa asibiti, ga abin da muka yi a gidan ɗalibata.

Da farko muka kwance wayar. Muka tafasa ruwa lita guda, muka zuba gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe, muka bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Da shi muka riƙa wanke wurin da sirinji marar allura, ruwan yana gangarowa waje, ba ciki ba. Tsutsotsin kuwa da matsefata muka cire su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi aiki ne mai tayar da zuciya, ita ɗalibar tawa sai da ta fita ta sha iska sau biyu. Ba a gamawa a rana ɗaya, domin ƙwan ƙuda cikin kwana guda yake ƙyanƙyashewa, wasu kuma suna ɓuya. Ki duba har cikin lungun ƙafafu da gindin wutsiya, nan suka fi son maƙalewa.

Bayan nan sai aidin na wanke ciwo, irin su Betadine, ba mai zafin nan da ake ɗiga wa yara suna ihu ba. A sirka shi da dafaffen ruwa har ya koma kalar shayi marar kauri. A sa buroshin haƙori mai laushi, sabo, a goge dattin da ruɓaɓɓen ɓawon da ya riga ya saki. Wanda bai saki ba kada a ɓanɓare da ƙarfi, cire mataccen ƙashi aikin likita ne. A bari ya bushe, sannan a shafa farin man nan na ƙuna, irin su Dermazin. In babu, zuma mai kyau tana aiki, likitocin dabbobi ma suna amfani da ita a kan raunuka, mu kuwa dama mun san matsayinta a Alƙur'ani da Sunna. Aibinta ɗaya: tana kiran tururuwa da kiyashi, don haka sai an rufe da bandeji sosai, an kuma ɗaga kwalin daga ƙasa. Kullum sau ɗaya ake wannan wanki, in ciwon ya yi yawa sau biyu.

Wurin kwanansa rabin magani ne. A ɗauke shi daga ƙasa mai laima, a sa shi a babban kwali ko baho, a shimfiɗa tsofaffin jaridu ko tsumma ana canzawa, a lulluɓe da tsohon gidan sauro don ƙuda. Kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa da kansa kamar mu, daga waje yake samu, kuma in ya yi sanyi ba ya narka abinci, ciwo ba ya warkewa. Yana son ɗumi kamar digiri 28 zuwa 32 da rana. Ki fito da shi hantsi ya sha rana, amma lallai da inuwar da zai koma, kuma kada a bar shi cikin baho a tsakiyar rana, zafi zai kashe shi. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, kin san yadda daren Zariya yake. A shigar da shi ɗaki ko sito, nesa da kaskon wuta.

Maganar nan da ake yi cewa kunkuru ba ya shan ruwa, ba gaskiya ba ce. Yana sha, yakan tsoma bakinsa ya daɗe. Ki ajiye masa a faranti marar zurfi. In ciwon a sama yake, ki tsayar da shi cikin ruwan ɗumi iya ƙafafunsa na minti 15 zuwa 20, ruwan bai kai ga raunin ba, kina tsaye a kansa. In kin ga ya fitar da wani abu fari kamar alli tare da fitsari, kada ki tsorata, ba mugunya ba ce, haka fitsarinsu yake.

Abinci kuma, ki yi haƙuri da ɗumamen tuwo da shinkafa da burodin da ake watsa masa. Zai ci, amma ba sa gina masa ƙashi. Ɗanyar ciyawa wadda ba a yi wa feshi ba, harawa, ganyen zogale, lalo, rama, ganyen kabewa, waɗannan su ne nasa. Ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka lukui, a barbaɗa kaɗan sau biyu a mako, yana taimaka wa ƙwarya ta yi ƙarfi, tare da hasken rana.

Tsarki daban, tsafta daban

Wata ta tambaye ni ko taɓa kunkuru yana karya alwala. Ba ya karyawa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai jikinsa tsarkakakke ne. Amma wannan hukuncin ibada ne, bai ce babu ƙwayar cuta ba. Kunkuru, ko mai lafiya, yakan ɗauki ƙwayar Salmonela a kashinsa da jikinsa, wadda ke sa gudawa da amai da zazzaɓi, kuma ta fi yi wa ƙananan yara illa. A Amurka saboda yawan yaran da suka kamu, tun 1975 aka hana sayar da ƙananan kunkurayen da ƙwaryarsu ba ta kai inci 4 ba, kuma hukumomin lafiyarsu na ba da shawarar kada yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya riƙa taɓa su. Don haka ki sa safar hannu ko leda in za ki wanke ciwon, ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama. Bahonsa da buroshinsa nasa ne shi kaɗai, ba a wanke su inda ake wanke-wanke. Mai rarrafe kada ya bi inda yake kashi. Mai ciki da mai jego, in da hali, su bar wa wani aikin.

Manyan yara kuwa ki jawo su. A gidan ɗalibata, ɗanta mai shekara goma sha ɗaya, wanda a da shi ne gwanin hawa bayan kunkurun yana dukansa da kara, shi ya koma mai yanko ciyawa da canza jarida. Ba wa'azin da aka yi masa, ganin tsutsar nan da idonsa ya ishe shi.

Sai haƙuri. Ciwon da zai warke a jikin akuya cikin mako biyu, a ƙwaryar kunkuru sai ya ɗauki watanni, fashewa mai girma takan kai shekara ko fiye. Za ki ga ɓawon ya faɗi, farin ƙashi ya bayyana, daga baya shi ma saman ya ɓare, sabo ya fito a ƙarƙashi. Tabon ba ya ɓacewa. Alamar da za ki riƙe ita ce wari ya ɗauke, wurin ya bushe ya yi tauri, ya koma cin abinci.

Dabba ce mai tsawon rai, ki sa wannan a lissafi kafin ki yarda a sayo wa yara. Irin babban nan yakan haura shekara 50 a hannun masu kula. Wanda ke fadar Soun na Ogbomosho, da ake kira Alagba, ya mutu a watan Oktoba na 2019, mutanen fada suka ce shekararsa 344, ko da yake masana sun yi shakkar adadin. Akwai wani a tsibirin Sant Helena mai suna Jonathan, shi ba irin namu ba ne, da aka yi bikin cikarsa shekara 190 a 2022. Kin ga ke nan abin da kika saya yau, wataƙila jikokinki ne za su gaje shi. Ga shi kuma a daji suna ƙarewa, saboda kamun da ake yi musu don sayarwa da cinye musu makiyaya. A 2021 ƙungiyar kula da halittu ta duniya, IUCN, ta sa babban kunkurun nan namu cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ni dai ina ganin wadda ba ta da shi ta haƙura, kada ta saya a hannun masu yawo da su a buhu, don duk wanda aka saya sai an koma an kamo wani.

Wadda kuma take da shi ta ga ba za ta iya ba, kada ta ce ai hadisin kyanwa ya ba da zaɓin saki, ta kai shi bayan gari ta yar. Sakin da ake nufi shi ne wanda dabba za ta iya neman abincinta ta rayu. Kunkuru mai ruɓaɓɓen baya da ya shekara talatin a tsakar gida, in aka ajiye shi a jeji, an miƙa shi ga ƙuda da karnuka ne. A nemi wanda zai iya riƙonsa a ba shi kyauta, ko a tambayi likitan dabbobi inda ya dace a kai shi.

Na gidan ɗalibata, a kwana na uku maigidan ya yarda aka sa shi a Keke Napep aka kai wa likita. Ya cire guntun ƙashin da ya mutu, ya yi masa allurai na wasu makonni. Sai da ya yi kwana goma sha tara bai sa komai a bakinsa ba, har sun fara fid da rai, ran nan da hantsi ya miƙo wuya ya ja ganyen lalo. Wayar ba a mayar ba. Maigida ya sa an jera bulo layi uku a gefen katanga inda ruwa ba ya kwanciya, aka nutsa layin farko cikin ƙasa saboda gwanin haƙa ne, aka yi masa 'yar rumfa da guntun kwano. Gefen da ya yage har yau akwai giɓi kamar faɗin yatsu biyu.